Rajista da Fensir

Ni ce Thavamani, shugabar makarantar bakin gaɓa
a Trincomalee, inda kwale-kwale suka kife kan yashi
tun da aka hana masunta fita.
Ƙararrawarmu guntun ƙarfen dogo ce, rataye a mangwaro.
Na hana a buga ta da ƙarfi,
don yarana sun koyi faɗuwa rub da ciki
da zarar ƙarfe ya yi tari.

Harshe biyu gare mu, alƙibla huɗu, famfo ɗaya.

Ran Litinin Kumudu ta zo da idanu kamar garwashi.
Yayanta soja ne, a akwati aka kawo shi, an hana buɗewa.
Benci ɗaya take zama da Ilango,
wanda nasa yayan ya shiga daji bara;
kowa ya sani, kowa ya haɗiye.
Wa ya harbi wa?
Daji ba ya ba da rasit.

Malamai suka cika mini ofis kamar ranar albashi.
Wani ya ce a yi wa mamacin shiru na minti ɗaya.
Wata ta ce, da wuta ta ci ƙauyen kakarta makon jiya,
wa ya yi musu shiru?
Na dubi kofin shayina har ya yi fata.
Na ce a yi shirun, amma kada a ce na wane ne,
kowa ya kwantar da gawarsa a ciki.
Aka yi. Hankaki kaɗai ya ƙi bin doka.
Washegari wani uba ya daki teburina,
ya ce na haɗa jinin ɗan'uwansa da na makasa,
ya janye 'ya'yansa uku.
Ban da amsar da zan ba shi. Har yau ban da ita.

Can kan tudu Premasiri ke riƙe da tasa makarantar,
dangi ɗaya, harshe ɗaya.
In sun yi kuka, baki ɗaya suke yi,
ba mai auna kalma kamar zinariya kafin ya furta.
Na yi masa hassada, ba zan ɓoye ba.

A shingen sojoji muke haɗuwa, kowa na tura kekensa.
Shi hannu ake ɗaga masa ya wuce,
ni a zazzage jakata, alli ya watse a kwalta.
Sai in tarar da shi gaba kaɗan, a tsugune,
wai sarƙar keke ce ta zame.
Kullum sarƙar nan sai ta zame.

Rannan ya ce da ni, yana goge baƙin mai a hannu:
"Ke tsoronki abin da yara za su faɗa wa juna.
Ni nawa ba su da mai musa musu.
An ce su zana abokan gaba,
wani ya zano mutane ba ido, ba baki.
Na tambaye shi, ya ce ai bai taɓa zama kusa da ɗaya ba.
Malamin ya ba shi tara bisa goma."
Muka hau, muka rabu a mararraba, ba sallama.

Doka ta ce wanda ya daɗe bai zo ba
a ja masa layi da jan biro.
Ni da fensir nake aiki, sufeto ya yi ta faɗa.
Rizwana ta ɓace wata biyar, ta dawo da takalmi ɗaya,
na sa roba na goge, ta zauna.

Yau kwana tara ba Ilango.
Na kira sunan, don harafinsa ya zo.
Aji ya yi tsit.
Kumudu ta janye jakarta daga rabin bencin da ba kowa,
ta ce, ba tare da ta ɗago ba,
"Bai zo ba tukuna."

Gurbin rajista ƙarami ne, alama ɗaya yake ɗauka.
Na feƙe fensir,
na matse kalmar a ciki: tukuna.